Igiyar Anaruwa

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɓoye ruwa a cikinta, ya ba wasu zama ya ba wasu tafiya, ya kuma san ranar da kowace ƙafa za ta tsaya. Ya ku fataken da kuka sauke kaya a inuwar dabinon nan, ku shayar da dabbobinku, ku cika salkunanku. Tun da madugunku ya tambaye ni dalilin igiyar da ke ɗaure a ƙuguna, alhali tsufa ya ci ƙarfina ko guga ba na iya ja, to ku gyara zama kafin rana ta yi sanyi, ku ji yadda aka yi.

Sunana Ilu, kuma ni ba ɗan ƙasar nan ba ne. An haife ni can nesa, inda ruwan sama ke zuba har mutane su gaji da shi. Tun ina saurayi ake cewa na ci ƙafar kare, kuma ba a yi mini ƙarya ba. Na koyi ƙira na bar ta da ƙarfe a wuta. Na koyi jima, wari ya kore ni. Na zauna gaban malamai huɗu, kowanne na bar shi a tsakiyar littafi. Na ratsa ƙasar da mutanenta ke gina bukkoki a bayan manyan kunkuru, na haye tekun yashi a cikin jirgin fata, na kwana bakwai a garin da ake sayar da inuwa a kasuwa. Ko'ina na sauka, in na yi kwana arba'in sai tafin ƙafata ya fara ƙaiƙayi, sai in ɗauki sandata ba sallama.

A wani zango ne na ji labarin wannan ƙasa ta Harzuma. Aka ce ruwan sama ba ya sauka sai sau ɗaya a shekara bakwai, ruwan ƙasa kuma ba ya zama wuri ɗaya, tafiya yake yi a ƙarƙashi kamar ayari, bana yana ƙarƙashin wannan gari, baɗi ya yi gaba. Aka ce akwai mahaƙan rijiya da ke kafa kunne a ƙasa su ji tafiyarsa, su tare shi da haƙa. Na ce wannan ilimi kam sai na same shi.

Na iso Birnin Tuluna na nemi Sarkin Mahaƙa, wani tsoho mai suna Tunau, wanda kunnensa na dama ya yi baƙi ƙirin saboda goga ƙasa. Bai dubi fuskata ba, ƙafafuna ya duba.

"Baƙo, waɗannan ƙafafun naka ba sa zama," in ji shi.

"Baba, ai kunne na kawo a koya masa, ba ƙafa ba."

"Kunne a ƙarshe ake koya masa. Da hannu ake farawa."

Ya kira wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji, sunansa Anaruwa, don an haife shi ranar da aka yi ruwan sama. Ya miƙa mana igiya ɗaya ya ce daga yau mu abokan igiya ne. A wurin mahaƙa kowa da abokin igiyarsa: ɗaya ya shiga rami, ɗaya ya riƙe. Ba a ɗaga murya a bakin rijiya, don ihu kan zubo da ƙasa a kan na ciki, saboda haka da igiya ake magana. Ja ɗaya, a dakata, ban gama ba. Ja biyu, a fito. Ja uku, ruwa ya zo. Guga na farko na baƙon da ya fara isowa ne, ko wane ne shi. Babbar doka kuwa, wadda Tunau ya sa na maimaita har sau uku, ita ce mai riƙo ba ya barin bakin rijiya sai na ƙasa ya fito.

Anaruwa ya girme ni, don haka Yaya nake ce masa, shi kuma yana ce mini Malam Ilu saboda rabin littattafan nan huɗu. Mutum ne da dariyarsa ba ta da sauti, kafaɗunsa kawai za ka ga suna rawa. In ya ci dabino ba ya yar da ƙwallon, sai ya cusa shi a naɗin hularsa, duk rijiyar da aka gama ya binne biyu a gefenta. Na riƙe masa igiya wata uku, kuma tun a wata na biyu ƙafata ta fara halinta. Na riga na ɗaure 'yan kayana lokacin da labari ya zo cewa sarkin Harzuma ya rasu, ɗansa ya ce gadon nasa ne, ƙanen marigayin kuma ya tara mutanen yamma ya ce nasa ne.

Mahaƙa ba ruwansu da wanda ya hau gado, kowa ai ruwa yake sha. Amma kafin wata ya zagayo aka ji sojojin yamma sun fara cike rijiyoyi da duwatsu don ƙishirwa ta kori garuruwan gabas. Ranar kasuwa Tunau ya fito tsakiyar fili, ya shimfiɗa doguwar igiya a ƙasa, ya tsaya a ɗaya gefen. Bai yi ihu ba, bai iya ba. Cikin muryar nan tasa ta bakin rijiya ya ce, "Ubanninmu sun haƙa, wasu suna cikewa. Ni zan je in hana, in tone abin da aka cike. Ba wanda ya aike ni, ba kuma wanda zan tilasta. Mai zuwa ya tsallako."

Mutane suka yi ta tsallakawa biyu-biyu, kowa da abokin igiyarsa, da dagi a kafaɗa da guga a baya. Mata na kuka, wasu na guɗa, wata ta riƙe rigar mijinta har ta yage, ya tsallaka da rabin riga. Anaruwa ya dube ni. Zan so in ce muku kishin rijiyoyi ne ya ɗaga ƙafata, amma na tsufa da yin ƙarya. Na ga yaƙi ma ai tafiya ce, na tsallaka. Kafin azahar mun kai ɗari uku da goma sha biyu.

Ɗan sarki ya ji labarin 'yan sa-kai, ya aiko mana da wani Barde Kosau ya koya mana yaƙi. Allah ya jiƙan Barde, ya sha wahalarmu. Ya jera mu ya ce mu yi kururuwar da za ta tsinka zuciyar abokan gaba, sai rundunar mutum ɗari uku ta yi wani ɗan gunaguni kamar ana gaisuwar mutuwa. Ya ba mu masu, muka riƙe su kamar dagi, tsini a ƙasa. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne da aka ce gobe za a fita, sai ya ga kowa ya ɗaura bakin igiya a ƙugunsa, ɗaya bakin a ƙugun abokinsa.

"Baba Tunau, wannan wane irin shirme ne? Akuyoyi za a kai kasuwa?"

"Ranka ya daɗe, wuri mai haɗari za mu shiga. Mu ba ma shiga haɗari ba igiya."

Barde ya yi faɗa har muryarsa ta dushe, ba wanda ya kwance.

Karonmu na farko a Filin Gishiri aka yi shi. Mayaƙan yamma jiminai suke hawa, irin na ƙasar nan da suka fi raƙumi tsawo, masu shuri ɗaya su fasa ƙirjin mutum. Suka taso mana gadan-gadan. Mahaƙa suka watse dama da hagu don tsoro, ba don wata dabara ba, sai igiyoyin da ke tsakaninsu suka miƙe a daidai gwiwar jiminai. Abin da na gani ke nan, tsuntsaye na kifewa, mahaya na tashi sama suna faɗowa a kan gishiri. Ni da Anaruwa mun kayar da biyu ba tare da mun yi niyyar ko ɗaya ba. Kafin mu gane abin da ya faru sauran sun juya.

Daga ranar aka sa mana suna Rundunar Igiya. Mata suka yi mana waƙa, Barde da kansa ya nemi guntuwar igiya ya ɗaura a damtse. Muka ɗauka Allah ya ba mu makamin da ba mai karya shi. Wata biyar muna yawo daga gari zuwa gari, mu kori masu cikewa, mu tone rijiya, Anaruwa ya binne ƙwallayensa, mu yi gaba. Ni kam rayuwar ta yi mini daɗi, ba mu taɓa kwana uku wuri ɗaya ba. Sau ɗaya kawai na ga fuskar Tunau ta canza, ranar da muka iske wata rijiya a cike da duwatsu, mutanen garin suka ce ai sojojin ɗan sarki ne suka cike ta, namu ke nan. Tsohon ya ce a tone, aka tone.

Ashe mutanen yamma ma suna da kai. A Mashigin Duwatsu suka tare mu, wannan karon da ƙugiyoyi a bakin dogayen sanduna. Ba su nemi jikinmu ba, igiyar suka nema. Mahayi ya saƙalo ta a tsakiya ya saki jimina da gudu, sai ka ga mutum biyu ana jan su a kan duwatsu. Wanda abokinsa ya faɗi kuwa ba ya iya gudu, ga gawa ɗaure a ƙugunsa.

Barde na ta ihu, "Ku yanke! Ku yanke igiya!"

Ko mutum ɗaya cikin haifaffun mahaƙa bai yanke ba. Na ga masu tsayawa a kan abokansu suna kare su da dagi har aka sare su, na ga masu saɓa nasu a kafaɗa. Wata jimina ta shuri Anaruwa a cinya, ya faɗi, igiya ta fizge ni na durƙusa. Na waiwaya na ga mai ƙugiya ya nufo mu. Na zare wuƙa, na yanke, na ruga.

Mutum ɗari da tara muka rasa ranar, har da Baba Tunau. Na koma sansani. Rabin igiyar na reto a ƙuguna, kowa ya gani, kowa ya kau da kai. Na yi niyyar guduwa, amma a karo na farko a rayuwata na rasa inda zan je wanda ba zan tafi da kaina ba.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, sai ga Anaruwa yana jan ƙafa, ya dogara da dagi, rabin igiyarsa a naɗe a kafaɗa. Ya yi kwance cikin gawawwaki har mayaƙan suka wuce. Ya zo ya zauna kusa da ni, ya miƙo hannu, na ba shi nawa rabin. Ya warware bakunan biyu ya shiga saƙa su a hankali, sili cikin sili. Ku duba nan, ga wurin, har yau ya fi sauran kauri.

Da ya gama ya ja ya ji ƙarfinta, ya ce, "Wuƙarka da kaifi, Malam Ilu. Yanka ɗaya ne, bai ɓata igiya ba."

Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan a kan maganar. Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Bayan wannan aka ba ragowar rundunar aikin raka mata da yara da tsofaffi na garuruwa uku, su tsallake wannan jeji zuwa gabas. Duk rijiyar da muka dosa muka iske ta a cike da duwatsu. Kwana uku ba ruwa, har jarirai suka daina kuka. A nan inda kuke zaune, lokacin ba ko ganye, akwai wata tsohuwar rijiya busasshiya. Anaruwa ya kwanta ya kafa kunne a ƙasa, ya daɗe har na zaci suma ya yi.

Ya tashi ya ce, "Ayarin ruwa na tafe. Gobe da azahar zai wuce ta ƙarƙashin nan. Akwai dutse tsakaninsa da gindin rijiyar. In an fasa kafin ya wuce, mun sha. In ya wuce, sai bayan shekara bakwai."

Aka yi ta kwashe yashi ana karɓa-karɓa, har washegari da hantsi aka kai ga dutsen. Wurin ƙunci ne, mutum ɗaya yake ɗauka, kuma ba wanda ya san jijiyar dutse kamar Anaruwa. Ya cire hularsa ya ajiye a bakin rijiya, ya ɗaura igiya a ƙugunsa, da guga rataye a bakin igiyar. Mahaƙa uku suka matso kowa na son ya riƙe masa. Ya girgiza kai ya miƙo mini.

"Ai ina da abokin igiya," in ji shi.

Ya yi kamar sa'a ɗaya a ciki ina jin bugun dagi, sai masu leƙen hanya suka dawo a guje suka ce ga jiminai nan tafe daga yamma. Barde Kosau ya sa aka kwashi mata da yara zuwa bayan tsaunin can. Ya zo kaina ya ce, "Ilu, jawo shi mu tafi."

Na ja biyu. Daga ƙasa aka ja ɗaya.

"Ya ce bai gama ba, ranka ya daɗe."

Barde ya dubi yamma, ya dubi yaran da ake ɗauka kamar tsumma, ya dafa kafaɗata ya tafi. Dole sauran mahaƙa suka bi shi, don su ne masu goyon marasa ƙarfi. Aka bar ni ni kaɗai, da igiya a hannu da hular Anaruwa a gefe.

Na fara hango kawunan jiminai. Tafin ƙafata ya ɗauki ƙaiƙayin da bai taɓa yi ba, har cikin ƙashi. Ga tsauni can, in na tashi yanzu zan kai. Ban san lokacin da hannuna na dama ya saki igiya ya tafi kan ƙotar wuƙa ba. Ban zare ba, Allah ne shaidata, taɓawa kawai na yi. Amma mutumin da ya shekara talatin a bakin igiya ya san bambancin riƙon hannu biyu da na hannu ɗaya.

Bugun dagi ya tsaya. Sai na ji igiya ta yi sakayau. Muryarsa ta hauro a hankali, rijiya na kawo magana ko da raɗa ce.

"Malam Ilu, na kwance. Tafi abinka. Kada ka sake yanke ta, igiya ce mai kyau."

Kunya ta rufe ni. Na zare wuƙar na yi jifa da ita iya ƙarfina cikin jeji, na naɗa igiyar a ƙuguna na ƙulle.

"Yaya, ɗaura."

"Ka tafi, na ce. Ba zan riƙe ka da komai ba."

"Wallahi ba inda za ni. Na ɗaura nawa, ɗaura naka."

Shiru. Na san dariyar nan tasa yake yi marar sauti.

"To madalla. Bari in ƙarasa, saura bugu biyu. Ina jin sa yana wucewa, in na ajiye dagi ya tafi."

"Ɗaura tukuna, Yaya!"

Ya buga ɗaya. Ya buga na biyu. Ƙasa ta yi wani ruri a ƙarƙashina, iska mai sanyi ta bugo fuskata. Aka ja igiya, ɗaya, biyu, uku. Na turje na ja da duk abin da Allah ya ba ni. Da fari akwai nauyin mutum, na rantse akwai shi, na jawo kamu biyar ko shida. Daga nan nauyin ya ragu. Abin da ya fito guga ne, cike da ruwa fari tas. Da hannu kawai ya riƙe igiyar, ruwan ƙarƙashi kuma tafiya yake yi, bai tsaya jiran kowa ba.

Ina durƙushe ina kiran sunansa a hankali, don ko a lokacin ban iya ɗaga murya a bakin rijiya ba, sai na ji tsinin mashi a wuyana. Shugaban mayaƙan yamma ne, leɓunansa sun tsage, jiminarsa na haki. Su ma rijiyoyin da suka cike da hannunsu ne suka bar su da ƙishirwa. Na ɗaga gugan na miƙa masa, shi ne baƙon da ya fara isowa. Ya sha har yana shaƙewa.

"Ina mutanenka?" in ji shi.

"Ɗaya yana ƙasa."

Ya leƙa, ya ga ruwa ya hauro rabin rijiya. Ya dubi igiyar da ke ƙuguna. Shi ma ɗan Harzuma ne, ya san abin da ya gani. Ya ce wa mutanensa, "Ku ƙyale shi, mai riƙo ne." Suka sha, suka shayar da tsuntsayensu, suka juya yamma ba su bi sawun kowa ba.

Da la'asar Barde ya dawo da jama'a, aka sha, jarirai suka dawo da kukansu. Da gari ya waye aka ɗaura kaya. Barde ya ce, "Ilu, tashi, hanya da nisa."

Na ce, "Bai fito ba."

Ya buɗe baki zai yi magana, wani tsohon mahaƙi ya taɓa hannunsa ya hana shi. Suka kafa mini rumfa, suka bar mini hatsi, suka tafi. Na ji labarin Rundunar Igiya ta ƙara shekara huɗu tana aiki, har ta kai mutum dubu, sun kuma daina ɗaura igiya a fagen fama. Yaƙin ya ƙare yadda irinsa kan ƙare, ɗa da baffansa suka ci tuwo a akushi ɗaya. Ni dai na warware naɗin hular Anaruwa na sami ƙwallaye goma sha ɗaya, na binne su duka. Inuwarsu ce kuke ciki.

Tun da ya fasa dutsen nan rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba, amma babban ayarin ruwan sai shekara bakwai-bakwai yake dawowa. Sau biyar ya wuce ina nan zaune, ɗaya bakin igiyar nan na cikin rijiya inda na mayar da shi, kuma duk ranar da ayarin ya zo ana jan ta daga ƙasa. Mutanen da suka kafa gari a kusa suna cewa ƙarfin ruwa ne, ina barin su su faɗa. Na riƙe igiya tsawon da zan san jan ruwa da jan hannu. Ja ɗaya ake yi, a dakata. Ni kuwa biyu nake jira.

Kada ku zaci ƙafar ta warke. Har yanzu in na ga ayari ya ɗaura kaya sai ta motsa, shi ya sa tun ɗazu nake damun madugunku da tambayar garuruwan da ke gabanku. To ga rana ta yi sanyi, ku tashi ku kama hanya, Allah ya kai ku lafiya. Ku yi mini afuwa ba zan taka muku ba ko zuwa dabino na ƙarshe. Igiyar ba ta kai can ba, shi kuma bai fito ba tukuna.